Uku da rabi da biyu da rabi: lissafin da ke bayan karawar ces ta ƙananan kulob

Daga watan Satumba zuwa wajen Afrilu ko Mayu, da wuya wani daren aiki ya wuce a biranen Ingila ba a rubuta wannan sakamako a wata takarda ba: 3½–2½. Rediyo ba ya faɗarsa, jarida ba ta damu da shi ba. Mutum goma sha biyu ne suka haɗu bayan an tashi daga aiki, akwai malamin makaranta, akwai direba, akwai tsohon da ya yi ritaya da yaron da bai gama sakandare ba. Suka zauna a wani ɗakin bene ko zauren taron unguwa, shida suna fuskantar shida, suka yi wajen awa uku shiru kamar ruwa ya ci su. Babu wanda aka biya ko sisi, su ne ma suke biyan kuɗin zama 'yan kulob. Wasan shi ne ces, wanda muke kira darar Turawa, mai gida 64 da 'ya'ya 16 a gaban kowane ɗan wasa. Irin wannan gasa ta daɗe. Ta Birmingham da kewayenta tun 1897 aka kafa ta, kuma har yau ana yi.

Takardar sakamakon ƙanƙanuwa ce, amma cike take da lissafi, kuma yawancin masu duba ta allo na ɗaya suke zuba wa ido, inda gwanayen kulob biyu suke zaune. Da na zauna na bi alƙaluman ɗaya bayan ɗaya, sai na tarar da cewa kujerar allo na shida ta fi yanke hukunci, kuma sau da yawa tana yanke shi tun ba a taɓa ko ɗa ɗaya ba.

Rabin nan shi ne ke fara rikita baƙo. A kowane allo maki ɗaya tak ake rabawa: wanda ya ci ya ɗauke shi duka, idan aka yi canjaras kowa ya tafi da rabi. Saboda haka a karawa mai alluna shida jimillar makin ɓangarorin biyu shida ce ko me ya faru, kuma tawagar da ta kai 3½ ta gama magana. Wannan ya sa darajar canjaras take sauyawa cikin dare guda. Idan an gama alluna biyar, tawagarka tana gaba da 3–2, rabin makin da za ka samo a allon da ya rage daidai yake da nasara. Idan kuwa ku ne a baya da 2–3, wannan rabin bai tsinana muku komai ba, dole ka ƙi tayin canjaras ka shiga kasada don a tashi 3–3. Shi ya sa za ka ga ɗan wasa ya miƙe yana leƙa allunan abokansa kafin ya amsa tayin da aka yi masa, kuma dokokin wasu gasanni sun yarda ya tambayi kyaftin ko ya karɓa, muddin ba a tattauna yadda wasan yake a kan allo ba.

Sai lambar da ke gefen sunan kowane ɗan wasa, irin su 1842 ko 1710. Ita ce lambar ƙarfi. Wanda ya tsara lissafinta shi ne Arpad Elo, haifaffen Hangari, malamin kimiyyar fiziks a Jami'ar Marquette da ke Milwaukee a Amurka. Hukumar ces ta Amurka ta karɓi tsarinsa a 1960, ta duniya kuma, wato FIDE, a 1970. Mafi girman lambar da aka taɓa kaiwa ita ce 2882, ta Magnus Carlsen ɗan Norwe, a 2014. 'Yan kulob na unguwa galibinsu suna ƙasa da 2000. Amma lambar mutum ita kaɗai ba ta faɗin komai sai an jera ta da ta abokin karawarsa, domin tazarar da ke tsakani ita ce ake karantawa. Wanda ya fi abokinsa da ɗigo 50 ana sa ran ya samu maki 57 cikin kowane 100 da za su raba. Tazarar ɗigo 100 tana ba shi 64, ta 200 tana ba shi 76, ta 400 kuma ta ɗan haura 90. A lura da ta 200 ɗin nan. A ɗakin kulob ana ɗaukar wanda ya fi ka da ɗigo 200 a matsayin wanda ya yi maka nisa, amma lissafi ya ce kusan rubu'in makin naka ne.

Ingila ta daɗe tana bin nata tsarin daban. Wani babban ma'aikacin gwamnati, Sir Richard Clarke, shi ya tsara shi a shekarun 1950, kuma lissafinsa ko da fensir ana yi. Idan ka ci mutum, a rubuta maka lambarsa a ƙara 50. Idan kuka yi canjaras, a rubuta maka lambarsa yadda take. Idan ya ci ka, a rubuta lambarsa a cire 50. A ƙarshe a tara duka a raba da yawan wasanninka. Lambobin ba sa wuce alƙaluma uku, kamar 120 ko 175. A 2020 hukumar ces ta Ingila ta bar wannan ta koma irin na Elo, tana fitar da sabon jeri kowane wata, kuma hanyar juya tsohuwar lamba ita ce a ninka ta sau 7.5 a ƙara 700. Mai 100 ya zama 1450, mai 150 ya zama 1825, mai 200 ya zama 2200. Har yanzu tsofaffin 'yan kulob da tsohuwar lambar suke auna juna a zuci, domin da ita suka girma.

Rikicin lambobi bai tsaya nan ba. A watan Maris na 2024 FIDE ta ɗaga lambar duk wanda ke ƙasa da 2000, saboda an lura cewa lambobin ƙasa sun yi ƙasa da ainihin ƙarfin masu su, musamman yara masu saurin ƙwarewa. An ɗauki abin da ya rage wa mutum ya kai 2000, aka ba shi kashi 40 cikin 100 na wannan gibin. Mai 1500 ya kwanta ya tashi da 1700, mai 1000 ya zama 1400, ba tare da ɗayansu ya ƙara sanin komai ba. Ga kuma lambobin intanet, irin na Lichess da Chess.com, waɗanda suke bin wani tsari mai suna Glicko a cikin wani taron 'yan wasa daban. Kyaftin ɗin da baƙo ya zo masa yana cewa shi mai 1900 ne, abu na farko da ya kamata ya tambaya shi ne: a ina?

Yadda lambar take hawa da sauka shi ma yana da hannu a abin da ke faruwa a ɗaki. A tsarin FIDE, ga baligi wanda ya daɗe yana wasa kuma bai taɓa kai 2400 ba, ana ɗaukar bambancin abin da ya samu da abin da aka sa ran zai samu, a ninka sau 20. Mu ce mai 1700 ya zauna da mai 1900. Idan ƙaramin ya ci, ya samu ɗigo 15. Idan aka yi canjaras, ya samu 5. Idan aka ci shi, 5 kawai ya rasa. Babban kuwa 5 yake nema, 15 yake saka wa a kasada, kuma ko canjaras asara ce gare shi. To idan tawagarsa tana gaba da 3–2, kyaftin yana son ya karɓi canjaras a tafi gida da nasara, lambarsa kuma tana son ya ci gaba da matsawa. Ina ganin a nan ake gane ɗan kulob na gaskiya, wanda zai yarda ya zubar da ɗigo biyar nasa don mutum shida su yi murna.

Yanzu mu haɗa allunan shida wuri ɗaya. Lissafin da zai biyo baya nawa ne, na gina shi a kan alƙaluman Elo da ke sama, na kuma ɗauka cewa wasa ɗaya cikin biyar yana ƙarewa canjaras. A ce wata tawaga ta fi abokiyar karawarta da ɗigo 100 a kowane allo. Makin da ake sa mata rai shi ne 3.84 cikin 6, kuma duk wanda ya ga jerin sunayen zai ce an gama. Amma idan aka buga irin wannan karawa sau 100, masu ƙarfin za su ci kusan 72, a tashi 3–3 a kusan 13, a kayar da su a kusan 15. Wato fiye da dare ɗaya cikin huɗu masu rauni suna fita da wani abu a hannu. Alluna shida sun yi kaɗan su danne sa'a, kuma ga ƙananan kulob wannan alheri ne, domin da ƙarfi kaɗai ke yanke hukunci da babu dalilin da zai sa mai rauni ya shiga mota cikin sanyin Janairu ya tafi wani gari. Manyan gasanni sukan ƙara yawan alluna. Babban rukunin Bundesliga ta ces a Jamus alluna takwas yake bugawa, haka ma manyan rukunan gasar 4NCL ta Birtaniya da aka fara a 1993, kuma da ƙaruwar alluna ƙarfi yana ƙara rinjayar sa'a.

Teburin gasa shi ma iri biyu ne, kuma ba koyaushe suke nuna zakara ɗaya ba. Wasu gasanni makin karawa suke ƙirgawa: biyu ga wanda ya ci, ɗaya-ɗaya idan aka tashi 3–3. Wasu kuma makin alluna suke tarawa. Ɗauki rukuni mai tawaga shida, kowa ya kara da kowa gida da waje, karawa goma ke nan. Tawagar farko ta ci duka goman da ƙyar, 3½–2½ kowane dare. Ta biyu ta lallasa kowa da 5–1 sau takwas, amma ta sha kashi sau biyu a hannun ta farko. A makin karawa ta farko tana da 20, ta biyu 16. A makin alluna ta farko tana da 35, ta biyu 45, wato za ta ɗauki kofi da tazarar maki goma a gaban waɗanda suka doke ta gida da waje. Gasar Olimfiyad ta ces ta shekara da shekaru tana bin makin alluna, har zuwa ta Turin a 2006, sannan daga ta Dresden a 2008 ta koma makin karawa. Ni na fi yarda da makin karawa ga ƙananan kulob, domin yana hana a ci gasa ta hanyar yi wa mafi rauni cin kaca, ko da yake na san makin alluna yana sa kowane wasa ya riƙe darajarsa har bayan an san wanda ya ci daren.

Launi bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Mai fararen 'ya'ya shi ke fara motsi, kuma a taskokin wasannin ƙwararru yana samun kashi 54 zuwa 55 cikin 100 na maki, kwatankwacin fifikon ɗigo 35. A alluna shida kowace tawaga tana da farare uku da baƙaƙe uku, sai abin ya tashi babu riba babu faɗuwa. Ko a alluna biyar, inda jefa kwabo ke ba wani ɓangare farare uku, ribar ba ta wuce 2.55 a kan 2.45 ba.

Agogo kuwa lokacin rufe ɗaki ne ya tsara shi. Wasu gasannin dare suna ba kowa minti 80 da ƙarin daƙiƙa 10 bayan kowane motsi. Wasa mai motsi 60 zai ci wa kowa minti 90 idan ya ƙure lokacinsa, awa uku ke nan jimilla, daga bakwai da rabi zuwa goma da rabi. Bobby Fischer ne ya yi rajistar irin wannan agogo mai ƙari, aka yi amfani da shi a karawarsa da Boris Spassky a 1992. Kafin ya yaɗu, wasan da bai ƙare ba akan ɗage shi zuwa wani dare ko a aika wa wani gwani ya yanke hukunci, sai sakamakon karawa ya yi makonni a rataye.

Akwai wata tsohuwar dabara da kowane kyaftin ya taɓa rayawa a ransa. Tarihin ƙasar Sin ya kawo labarin wani janar mai suna Tiyan Ji, wanda mai ba shi shawara, Sun Bin, ya ce ya haɗa dokinsa mafi rauni da mafi gudun dokin sarki, sannan ya ci sauran tseren biyu. A ces ma haka ne: ka jefa mafi rauninka a allo na ɗaya ya zama hadaya, sauran biyar kowa ya sauka mataki ɗaya ya samu wanda bai kai shi ba. Don hana wannan ne gasanni suke tilasta a jera 'yan wasa bisa ƙarfinsu, da ɗan sassauci. A 4NCL an san shi da dokar ɗigo 80. Amma da na auna dabarar sai na ga ribarta ta dogara da faɗin tazarar da ke cikin tawagar. Idan tawagogin biyu daidai suke, daga 1950 zuwa 1700 da tazarar 50 tsakanin allo da allo, abin da za ka samu shi ne 3.05 maimakon 3.00, bai kai a ɓata suna a kansa ba. Idan kuwa tazarar 100 ce, daga 2000 zuwa 1500, sai ya kai 3.25. A ƙananan rukunai, inda gwani ɗaya yake jan masu koyo biyar, a nan dokar take aiki sosai.

Mu koma ga kujerar da na ambata tun farko. Idan mutum bai zo ba, abokin karawarsa ya ɗauki maki ɗaya a ɓagas. Tsakanin tawagogi biyu masu ƙarfi ɗaya, bisa lissafin nan dai, kowa yana da damar cin karawa kashi 41 cikin 100, sauran 18 kuma kunnen doki. Da zarar kujera ɗaya ta zama babu kowa, damar cin masu gibi ta faɗo zuwa 23, ta shan kashi ta hau zuwa 59. Rabin makin da aka rasa, idan aka rarraba shi a kan alluna shida, daidai yake da a ce kowane ɗan tawagar ya wayi gari ya ragu da kusan ɗigo 60. Mutum yakan yi shekara yana karatu da atisaye bai ƙara ɗigo 60 ba, amma rashin zuwan mutum ɗaya yana kwashe su daga kan mutum shida a dare guda.

Kwatanta wannan da abin da kulob-kulob suka fi ɗoki a kai, wato samun gwani. Ko Carlsen ka ɗauko ka maye gurbin mai allo na ɗaya da shi, iyakar abin da zai ƙara a wannan allon rabin maki ne, daga 0.5 zuwa 1, daidai abin da kujera ɗaya marar mutum take zubarwa. Gaskiya ne gwani yana da wata riba ta biyu, domin yana tura kowa ƙasa mataki ɗaya. A tawagar nan mai 1950 zuwa 1700, idan mai 2150 ya shigo ya hau allo na ɗaya, makin da ake sa rai ya tashi daga 3.00 zuwa 3.62. Amma juya abin ka gani. Idan mai allo na ɗaya ya sanar cewa ba zai zo ba kuma babu mai maye gurbi, gasanni da yawa suna cewa a bar gibin a allon ƙarshe, don haka kowa zai hau mataki ɗaya ya fuskanci wanda ya fi shi, sai makin ya faɗo zuwa 2.14. Gwani ya kawo 0.62, rashin mutum ɗaya ya tafi da 0.86. Ɗan ko-ta-kwana mai 1500, wanda ba a cika tunawa da shi ba, idan ya amsa waya ya zo ya zauna a allo na shida, shi kaɗai ya dawo da 0.24 daga ciki, kuma wanda ya zo dominsa daga nesa ya samu wasan da ya fito nema maimakon ya zauna yana kallon agogo.

Wannan ya sa nake girmama kyaftin ɗin ƙaramin kulob fiye da yadda takardar sakamako take nuna shi. Aikinsa na gaske kwana uku kafin karawa yake yin sa, yana kiran waya, yana neman wanda zai ɗauki wane a mota, yana lallashin wanda aka ci sau uku a jere kada ya yi zuciya. Kuma lissafi yana bayansa. A ce kowane ɗan kulob yana iya zuwa dare huɗu cikin biyar, sauran ɗayan kuma aiki ko rashin lafiya ko hidimar iyali ta riƙe shi. Idan mutum shida cif kake da su, damar su hallara duka kashi 26 ce kawai cikin 100, wato a karawa uku cikin huɗu za ka je da gibi. Da mutum bakwai damar cika alluna shida ta hau zuwa 58, da takwas ta kai 80, da tara 91, da goma 97.

Duk mai niyyar haɗa tawaga ya shiga gasa mai alluna shida, a duk garin da yake, kada ya miƙa suna sai ya tara mutum goma, kuma ya riƙa juya su yadda na goman zai samu wasa ko sau uku ne a kaka, don ranar da za a neme shi ya amsa.